Bakin Yadi da Sunansa a Turance

Ɗana, ka tambaye ni ma'anar kalmar selvedge da ka gani a littafin koyon yanka, har kana zaton wani sabon salon ɗinki ne. Abin da kake kamawa kullum ne idan za ka shimfiɗa atamfa a kan tebur, wato bakin yadi, gefen nan biyu da ba sa warwarewa ko da ba a kalmashe su ba.

Mutanen Ingila sun haɗa kalmar ne daga self da edge, ma'ana gefen da ya kame kansa da kansa. Tana cikin harshensu tun ƙarni na 15, kuma masana suna ganin sun kwaikwayi wata kalma ce ta mutanen Holan mai irin wannan gini. Amurkawa kan rubuta ta selvage. Dalilin sunan yana wurin saƙa, domin idan ƙoshiya ta ratsa da zaren kwance har ƙarshen zaren tsaye ba a yanke shi, juyowa yake yi ya koma ta inda ya fito, kuma wannan juyin shi ne yake ɗaure gefen. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙin gargajiya ya ga haka da idonsa, tun kafin ya ji sunan Turancin.

A wannan gefe ne kamfanoni suke buga sunansu. Vlisco, wanda yake garin Helmond na Holan tun 1846, yana sa sunansa da lambar zanen a nan, shi ya sa za ka ga mata a Kantin Kwari suna buɗe turmi su duba baki kafin su taya, ko da yake masu jabu ma sun iya kwaikwayon rubutun.

Abin da ya fi damuna da shi kuwa shi ne yanka. Tsawon riga ya bi tsawon bakin yadi, domin ta nan ne yadi ba ya miƙewa. Idan ka karkace, riga za ta rataya a jirge bayan wanki ɗaya. Kada kuma ka cusa bakin yadin cikin haɗin riga don ƙyashin ɓarnar inci guda, saboda saƙarsa ta fi ta sauran yadin matsewa, idan ya sha ruwa sai ɗinkin ya tattare. A zani ne kawai nake barinsa yadda yake, sai in mai kayan ta ce a cire.