Kindirmo zai iya maganin hakin wuya?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ba ya rabuwa da hakin wuya, musamman in ƙurar hunturu ta taso. Na ji an ce ƙwayoyin da ke cikin kindirmo suna kashe cutar. In bar magani in riƙa ba shi nono? Kakarsa kuma ta ce a kira wanzami.
Wata uwa, unguwar Bagalam, Maraɗi

Amsa: Hajiya, zancen wanzami a ajiye shi. Yankan maƙogwaro na jawo zubar jini da sabuwar cuta.

Akasarin ciwon maƙogwaron yara ƙwayar cutar bairos ce ke kawo shi, tare da mura da tari, yakan wuce cikin mako guda. Wanda ake tsoro shi ne na bakteriyar Streptococcus rukunin A, mai kama yara ƴan shekara 5 zuwa 15. Ki haska bakinsa da cocila: za ki ga hakin ya yi jawur da ɗigon farin ruwa, ga kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, zazzaɓi ya haura digiri 38, amma babu tari.

Maganar kindirmo akwai ƙanshin gaskiya. Bakteriyar da ke tsinka madara, irin su Lactobacillus, suna mai da zaƙinta tsami, wasu kuma na fitar da sinadaran da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. A faranti cikin ɗakin gwaji sukan danne Streptococcus, don sun kwana wuri guda da ita. A maƙogwaro kuwa, kurɓi ɗaya nonon ya wuce ciki, ita kuma cutar tana can maƙale cikin ramukan hakin.

Don haka ki kai shi gidan likita. In an tabbatar bakteriya ce, akan ba da amoksisilin miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, kada ya wuce 1,000, har kwana 10 cur, ko allurar fenisilin benzatin sau ɗaya. A nan iyaye suka fi tuntuɓe: kwana uku yaro ya fita wasa, sai a rufe kwalba. Ragowar ƙwayoyin cutar kan sa garkuwar jiki ta juya ta kai wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya hari bayan mako biyu zuwa uku, lahanin zuciyar kuma yakan zauna har girma.

Kindirmo na da nasa aikin: yana da sauƙin haɗiya, yana iya rage zawon da maganin ke jawowa. Ki sa tazarar awa 2 tsakaninsu, kuma madarar ta kasance an tafasa ta kafin a tsinka, saboda ɗanyar madara na ɗauke da tarin fuka na shanu. Ga zazzaɓi, farasitamol miligiram 15 kowane kilo duk bayan awa 6, ban da asfirin.

In ya kasa buɗe baki, yawu na dalala, numfashi na ƙara, ko kin ga fata ruwan toka ta lulluɓe maƙogwaron, wannan na iya zama mashaƙo ko ƙurji. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.