Ku Tambaya Mu Amsa: Zombi mai gudu ko mai jan ƙafa?

Jama'a sallama. Tunda muka taɓo zancen finafinan ban tsoro saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma yawancinsu a kan zombi ne, wato gawarwakin nan da ke tashi suna bin mutane da cizo. Na tsinci guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Dan Allah ka raba mana gardama ni da yayana. Shi yace zombin da ke gudu ba zombi ba ne, shirmen daraktocin zamani ne kawai, ni kuma nace abin da ke tafiya kamar hawainiya ina abin tsoro a jikinsa, ai ko tsohuwa mai sanda ta tsere masa. Waye mai gaskiya?

Amsa: Ƙanina ka gaida min Yaya, kace masa ina bayansa amma ba ɗari bisa ɗari ba.

Maganarka haka take in guda ɗaya ne a fili, ko ɗaga ƙafa ka yi kaɗan ka bar shi. Amma fa kai za ka gaji, yunwa za ta kama ka, barci zai sace ka, shi kuwa babu ko ɗaya a ciki, kana hutawa yana tafe kana barci yana tafe, kafin gari ya waye shi da 'yan'uwansa ɗari sun zagaye gidan. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya kafa wannan salon shi ne George Romero da fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968, baƙi da fari, wanda shi da abokansa suka haɗa a kusa da Pittsburgh ta Amurka da kuɗi kimanin dala 114,000. Mutum bakwai ne suka maƙale a wani gidan gona. Gawarwakin da ke waje ba su da wani ƙarfin kirki, wuta ma tsoronta suke, an buga katakai a ƙofa da taga an tare su na tsawon awanni. To me ya ci mutanen? Musu. Jarumin, Ben, yace a zauna a sama inda akwai hanyar fita, wani magidanci Harry Cooper yace ina, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi, aka yi ta ja-in-ja a kan wa zai riƙe bindiga wa zai ba da umarni har Ben ya harbi Harry da hannunsa. Ƙarshenta Ben ɗin da ya ƙi ɗakin ƙasa a can ya ɓuya ya kwana da rai, gari ya waye ya fito ya leƙo taga, 'yan sintirin da suka zo kakkaɓe gawarwaki suka hango shi daga nesa suka ɗauka ɗaya ne daga ciki, suka ɗirka masa harsashi a ka. Wanda zai ce na ɓata masa fim ya yi haƙuri, fim ɗin ya haura shekara 50.

Amfanin rashin saurin ke nan, yana ba mutanen cikin fim lokaci, shi kuwa ɗan Adam in ka haɗa masa tsoro da lokaci to halinsa na ainihi sai ya fito. Shi ya sa The Walking Dead ya iya kaiwa sizin 11, daga 2010 zuwa 2022. Da a ce zombin ciki masu gudu ne wa zai tsaya gina katanga da noman lambu? Kuma ka tambayi duk wanda ya kalla wa ya fi tsana, ba zai kira maka gawa ko ɗaya ba, mugayen mutanen ciki zai kira, Negan ko Gwamna. Ni dai gaskiya daga sizin na 7 na fara kallo ina danna waya, an ja shi da yawa.

Inda na bar Yaya kuwa, cewa mai gudu shirme ne. Ya je ya kalli minti goman farko na Dawn of the Dead wanda Zack Snyder ya sake yi a 2004. Wata nas ta farka da asuba 'yar maƙwabtansu ta ciji mijinta a wuya, tana ƙoƙarin tsayar da jini ya cika, kafin ta gama kiran waya ya miƙe ya yo kanta, ta fice ta tagar banɗaki ta faɗa mota, yana bin motar a guje sai ya hango wani mutum a gefe ya saki motar ya karkata can. Wannan karkatawar ce ta fi tsaya min a rai wallahi, babu mata babu miji, nama kawai yake gani. Mai gudu firgita ka yake, gabanka ya faɗi ka zabura daga kujera. Mai jan ƙafa shi fargaba yake sa maka, irin wadda in ka kashe fitila sai ka sake tashi ka duba sakata. Ni ta biyun ta fi daɗewa a jikina.

Tambaya: Yallaɓai wai da gaske 28 Days Later ne ya fara kawo zombi mai gudu?

Amsa: Ɗan'uwa shi ya yayata abin amma ba shi ya fara ba. Tun 1980 wani darakta ɗan Italiya, Umberto Lenzi, ya yi Nightmare City inda suke gudu har da riƙe makami. A 1985 Dan O'Bannon ya yi The Return of the Living Dead, nan ma gudu suke, suna magana, kuma daga nan zancen cin ƙwaƙwalwa ya samo asali, na Romero nama kawai suke ci ba sa zaɓe. Kai ko a fim ɗin Romero na 1968 ɗin, gawar farko ta maƙabarta ai da ɗan saurinta ta bi jarumar fim ɗin, Barbra, har mota, ta ɗauki dutse ta fasa gilashi. Masu cewa tun fil'azal a hankali ake tafiya ba sa son a tuna musu wannan.

Shi kuma 28 Days Later na Danny Boyle, 2002, wanda Cillian Murphy ya farka a asibiti ya tarar da Landan wayam, in za a bi ƙa'ida ba matattu ba ne a ciki. Mutane ne masu rai da wata ƙwayar cutar fushi ta kama, wadda ta fito daga birai a ɗakin gwaji. Shi ya sa suke iya gudu, shi ya sa kuma a ƙarshen fim aka nuno su a yashe a titi yunwa tana kashe su.

Kuma akwai abin da masu gardamar nan ba su cika lura da shi ba, saurin iri biyu ne, akwai na ƙafa akwai na rikiɗa. A wajen Romero in an cije ka kana iya kwana da yini kana zazzaɓi, 'yan'uwanka na kallonka suna shawarar wa zai iya ɗaukar bindiga. A 28 Days Later daƙiƙa 20 ma ta yi yawa. Akwai wani uba, Frank, da ya ɗaga kai yana korar hankaka daga kan wata gawa sai ɗigon jini ɗaya tak ya faɗo masa a ido, iyakar lokacin da ya samu shi ne ya ce wa 'yarsa yana sonta sannan ya daka mata tsawa kar ta matso. A World War Z na 2013 Brad Pitt har ƙirgawa yake, daƙiƙa 12. Abin dariya littafin Max Brooks na 2006 da aka ɗauko sunan daga jikinsa, zombinsa masu jan ƙafa ne, amma a fim aka mayar da su kamar tururuwa suna hawa kan juna har suka haure katangar birnin Ƙudus. Masoyan littafin har yau ba su huce ba.

Tambaya: Malam ni fa ban gane ba, shi zombi fatalwa ne ko aljani? Ƙawata tace duk ɗaya ne.

Amsa: 'Yar'uwa ba ɗaya ba ne. Fatalwa a labari ba ta da jiki, zombi kuwa jiki ne zalla babu kowa a ciki. Kalmar daga Haiti ta shigo fim, inda a camfinsu boka ke tayar da mamaci ya mayar da shi bawa yana masa aiki a gonar rake, ba ya cizo ba ya cin kowa, har ana cewa in ya ɗanɗani gishiri hankalinsa zai dawo. Ƙasar da aka gina a kan bautar gonakin rake, kin ga abin da suka fi tsoro shi ne a mutu ma bautar ba ta ƙare ba. White Zombie na 1932 da Bela Lugosi ya fito a ciki irin wannan ne. Romero shi bai ma kira nasa zombi ba a fim ɗin farko, gul ya kira su, kalmar da Turanci ya aro daga Larabci, 'yan kallo da 'yan jarida ne suka liƙa musu sunan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a ilimin likita gawa za ta iya gudu kuwa? Ko akwai cuta mai kama da haka?

Amsa: Ko tafiya ba za ta iya ba balle gudu. Tsoka sai da jini da iska take aiki, in zuciya ta tsaya cikin 'yan awanni jiki ke fara sandarewa, wajen awa 12 ya ƙame gaba ɗaya, bayan kwana ɗaya zuwa biyu ya saki saboda ruɓewa ta fara. Romero kansa, wanda ya rasu a 2017, ya sha faɗin cewa in gawa ta ce za ta yi gudu idon sawunta karyewa zai yi. Simon Pegg, jarumin Shaun of the Dead, har rubutu ya yi a jaridar Guardian a 2008 yana ƙorafi, hujjarsa ita ce mutuwa naƙasa ce, ta yaya za ta ƙara wa mutum ƙarfi.

Cutar da ta fi kusa ita ce ta haukan kare, ta cizo ake ɗauka, ta bi jijiya ta hau ƙwaƙwalwa, sai dai ita makonni take ɗauka ko watanni, kuma in alamu suka bayyana da wuya a tashi. Wannan ba fim ba ne, in kare ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya a yi allura. Naman gwarin da ke mayar da mutane zombi a shirin The Last of Us shi ma akwai shi da gaske, yana shiga jikin tururuwa ya sa ta hau ganye ta cije ta mutu a nan, amma ƙwari yake kamawa ba mutane ba.

Tambaya: Malam kai wanne ka fi so duk a ciki, kuma da abin zai faru wane iri za ka zaɓa?

Amsa: A nan Yayan mai tambayar farko zai ce na ci amanarsa, don wanda na fi maimaitawa masu gudu ne a ciki, Train to Busan na Yeon Sang-ho, 2016, wanda a Koriya ta Kudu kaɗai an sayar da tikitinsa sama da miliyan 11. Abin da ya burge ni, daraktan ya ba su gudu amma ya rage musu wani abu, ba su iya buɗe ƙofa ba, kuma abin da ba su gani ba ba sa binsa. Wata mai ciki ta watsa ruwa a gilashin ƙofar tarago ta manna jarida, nan take suka lafa. In jirgi ya shiga ramin dutse duhu ya rufe sai su tsaya cak suna bin sauti, a nan ne maza uku da suka naɗe hannuwansu da salatif suke ratsa tarago bayan tarago, su jefa waya can gefe a kira ta, daga baya har rarrafe aka yi ta kan kantar ajiye jakunkuna ana riƙe numfashi kafin haske ya dawo. Ka ga ya samo wa mutanensa ɗan lokaci ke nan a tsakiyar gudu, kuma da lokacin ya samu me aka gani? Wani babban mutum mai kwat ya zuga fasinjoji suka ɗaure ƙofa suka hana 'yan'uwansu shigowa, har da ƙaramar yarinya da mai cikin. Musun gidan gonar nan na 1968 ne ya dawo a cikin jirgin ƙasa.

In kana son wasu, REC na Sifen, 2007, duk a bene ɗaya aka yi shi a Barcelona, kar ka kalla kai kaɗai. Kingdom na Koriya shi ma ya yi. Mai son dariya ya nemi Shaun of the Dead.

Zaɓi kuwa ai ba sai na yi tunani ba, a ba ni masu jan ƙafa. A Zombieland dokar farko da yaron ya rubuta wa kansa ita ce motsa jiki, ni kuwa hawa biyu na bene in na taka sai na dafa bango na huta.