Amsa ga mai son haɗa akwatin lasifika mai inci 15

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayo lasifika mai inci 15 a kasuwar Alaba, kana so kafintan layinku a Agege ya haɗa maka akwati na falo, kuma tambayarka ita ce wane girma za a yi shi, a rufe shi ruf ko a huda masa rami. Kafin ka ba kafinta ko sisi, ka juya lasifikar ka dubi bayanta. In akwai sunan kamfani da lambar samfuri, ka nemo takardar bayananta a intanet. Lambobi uku nake so ka kawo: Fs, Qts da Vas. Da su ake yanke girman akwati. Inci 15 ɗin nan faɗin baki ne kawai, lasifika biyu masu faɗi ɗaya za ka samu ɗaya tana son lita 60, ɗaya kuma sai ta haura 150.

Ni da ido na yi na farko, shi ya sa nake maka wannan dogon bayani. Na kai wa wani kafinta lasifikata na ce ya yi mini babba. Ya yi kuwa, kamar durowar kaya, da filawud mai kaurin milimita 12, ya buga ƙusa ya lulluɓe da kafet. Ranar da na kunna, akwatin ne ke waƙa ba lasifikar ba. Kana ɗora hannu a gefensa za ka ji katakon yana kaɗawa kamar fatar kalangu, duk kiɗan da aka sa bes ɗin, wato sauti mai kauri, murya ɗaya yake fitarwa, bum-bum, ba ka bambance ganga da jita. Laifina ne, shi abin da na ce ya yi.

Lambobin nan wasu injiniyoyi biyu ne suka tsara lissafinsu, Neville Thiele na Ostareliya da Richard Small, shi ya sa ake kiransu da sunayensu. Fs shi ne mitar da lasifikar take kaɗawa da kanta in tana fili, wato sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, ana auna shi da Hz. Vas yana nuna taushin abin da ke riƙe da kwalinta, wato faifan gabanta mai kaɗawa, ana auna shi da lita. Qts kuwa shi zai amsa maka tambayar rami. In ya gaza 0.4, yawanci akwati mai rami ya fi dacewa da ita. In ya haura 0.5, ka rufe shi ruf ka huta. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna WinISD, kana zuba mata lambobin za ta zana maka yadda bes zai fita a kowane girman akwati. Rabin awa a gabanta ya fi asarar falle biyu na katako.

In kuma irin wadda ba ta da suna ce, sai wata takarda mai ƙyalli da aka manna a mayen ƙarfenta an rubuta wat dubu uku, to ka manta da wannan adadin, ado ne. Abin dubawa shi ne RMS, wato wat ɗin da take iya ɗauka a kai a kai. Irin wannan ni rufaffen akwati nake mata, don yana yafe kuskure. Ko ka ɗan zarce ko ka ɗan gaza a girma, sautin ba zai lalace ba. Mai rami ba ya yafiya ko kaɗan.

Ga misali da nawa na yanzu, mai rami ne, kada dai ka kwafa sai in lambobinka sun yi kama. Lita 100 nake so na iska zalla, a daidaita shi kan 35 Hz. Awon ciki, ba na waje ba: tsawo santimita 60, faɗi 48, zurfi 40. Ka ninka su ka raba da 1000, ka samu lita 115. Daga nan ka cire wurin da ita kanta lasifikar ta cinye da mayen ƙarfenta, kusan lita 5, ka cire na katakan tokare da na bututu, sai ka dawo wajen 100. Nan kafintoci suke faɗuwa, kana cewa 60 sai su auna daga waje, kaurin katako mai milimita 18 ya cinye maka lita ashirin da wani abu ba ka sani ba.

Ramin kuma ba huda ba ce kawai, bututu ne mai tsawo ƙayyadadde. Fayif ɗin ruwa na roba mai inci 4 ya wadatar. A lita 100, guda ɗaya yana buƙatar tsawon kusan santimita 12 kafin ya ba ka 35 Hz. Sai dai inci 15 tana tura iska da yawa, bututu ɗaya zai riƙa huci kamar mai minshari in ka ƙara murya. Na sa biyu, kuma da ka sa biyu tsawon kowanne ya koma kusan santimita 31. Ka bar tazara aƙalla faɗin bututun tsakanin bakinsa na ciki da bangon baya. Abu ɗaya da ke kashe lasifika a irin wannan akwati: ƙasa da mitar da aka daidaita shi, iskar ciki ba ta riƙe kwalin, sai ya yi ta lilo har koyil, wato naɗin wayar da ke motsa kwalin, ya bugi gindi. In amfilifayarka tana da matatar yanke ƙananan mita, ka sa ta wajen 30 Hz.

Katako. Za ka ji ana yabon MDF, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, kuma gaskiya yana da nauyi, ba ya amsa kuwwa, yankansa ba wuya. Amma Legas ce nan. Wata damina ruwa ya shigo mana ɗaki bai kai idon sawu ba, gindin akwatina ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, sukurori suka saki. Tun daga nan filawud mai milimita 18 nake saya a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin, ina duba gefensa kada ya zama mai kogo a tsakanin falle. In MDF ɗin ne ƙarfinka, ka shafe dukkan gefuna da fenti ko banis ciki da waje, ka sa masa ƙafafun roba ya bar taɓa ƙasa. Fuskar da lasifika za ta zauna ka ninka ta biyu. Gam na katako a kowace gaɓa, sannan sukuru, ban da ƙusa. Ka tokare hagu da dama, sama da ƙasa, da katako a ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa: in ka ji kamar ƙofa, ƙara tokare, in ka ji kamar bulo, ya yi. Ka bi gaɓoɓin ciki da silikon, ka bari ya bushe sarai kafin ka ɗaura lasifikar, ka kuma sa siririn soso a ƙarƙashin bakinta. Audugar matashi ta roba ka manna a bango, amma kada ta toshe bakin bututu.

Da an gama, ga yadda nake gane ko lissafi ya fita. Ka kwantar da akwatin rigingine, ka zuba ƙwayar shinkafa kamar goma a kan kwalin, ka sauke manhajar fitar da sauti a waya, ka taso a hankali daga 25 Hz da ƙaramar murya. Shinkafar za ta yi ta tsalle, sai ka iso wani wuri ta lafa, iska kuma ta riƙa fita da ƙarfi ta bututu. Nan ne mitar akwatinka. In ta fi yadda kake so, bututun ya yi gajere, in ta gaza, rage shi da zarto kaɗan-kaɗan. Don haka ka yanka shi da ɗan rara tun farko, kuma kada ka sa masa gam sai ka gwada. Wajen haɗa waya, ka taɓa batirin tocila mai 1.5 a kan tashoshin, in kwalin ya turo waje to inda kan batirin ya taɓa shi ne jan waya. Ka kuma duba ko lasifikar om 4 ce ko 8, wato awon turjiyarta ga lantarki, ka tabbata amfilifayar za ta ɗauka.

Ka ce falo, ban san ko gidan haya ba ne irin namu. Zangon sautin 40 Hz ya haura tsawon mita 8, bangon bulo ba ya tare shi, kai kana jin daɗi maƙwabci yana jin kwanukansa na rawa. In ka ajiye shi a kusurwa bes zai ƙaru, sai ka rage murya. Turo hoton bayan lasifikar da awon falon naka, in Allah ya yarda zan zauna da daddare in fitar maka da awon yanka da za ka miƙa wa kafinta.