Abin da ke sa bot ɗinka na Slack maimaita amsa

Ƙanena, ka ce ka rubuta wa ofis bot, wato shiri mai amsa saƙo da kansa, a Slack, manhajar hirar ma'aikata, da yaren Python, ma'aikaci ya tambaye shi lissafin kayan sito sau ɗaya, shi kuma ya amsa sau uku ko huɗu, wata amsar ma sai bayan mintoci. Kana zargin wani layi ne ke zagaye a shirin. Bar neman layin nan, lokaci ne ke cin ka.

Da zarar an yi rubutu a zauren da bot ɗin yake, Slack zai turo wa sabarka labari ta Events API, hanyarsa ta sanar da bot abin da ya faru, ya ba ka daƙiƙa 3 kacal ka mayar masa da 200, lambar HTTP mai nufin lafiya lau. Ba amsar tambayar yake jira ba, "na karɓa" kawai yake son ji. In bai ji ba, sai ya ɗauka saƙon ya ɓata a hanya, ya sake turowa har sau 3: na farko kusan nan take, na biyu bayan minti 1, na uku bayan minti 5. Kai kuwa ka sa shirin ya tafi rumbun bayanai, ya gama lissafi, sannan ya waiwayo ya ce ya karɓa. Kowane turi kuma aiki ne sabo a wurinsa. Duba bayanan da ke saman saƙon da ya shigo (headers), in ka ga X-Slack-Retry-Num, to ka kama ɓarawon.

Sai ka juya tsarin. Mayar da 200 tukuna, ka miƙa lissafin ga wani shiri mai aiki a bayan fage, Celery ko makamancinsa, in ya gama ya aika amsar ta chat.postMessage, hanyar aika saƙo zuwa Slack. Sannan kowane labari yana zuwa da event_id nasa, wato lambar shaidarsa, kuma ba ya canzawa idan an sake turowa. Ajiye shi a Redis, ma'ajiyar bayanai mai sauri, na kamar awa 1, wanda ka taɓa gani ka ƙyale shi. Wasu sukan jefar da duk saƙon da aka sake turowa, ni ban yarda da wannan ba, don wani sa'in na farkon da gaske bai iso ba.

Akwai maimaici na biyu, wanda ya fi wannan muni: bot ya ji rubutun kansa ya amsa wa kansa, har zaure ya cika. Duk saƙon da ke ɗauke da bot_id, alamar cewa bot ne ya rubuta shi, wuce shi.

Wurin aikawa kuma kada ka wuce kusan saƙo 1 a daƙiƙa a zaure guda. In ka matsa, 429 za ka samu, lambar da ke nufin ka yi yawa, tare da Retry-After mai gaya maka daƙiƙun da za ka jira. Kuma 200 daga Slack ba shaidar nasara ba ce, buɗe amsar ka duba gurbin da ake kira ok. In false ne da not_in_channel, ba ka gayyaci bot ɗin zauren ba ne.