Hutun yara babu kuɗi: in bar su su tafi kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a unguwar Kabala a garin Kaduna da yara huɗu, babbansu shekararsa 12. An ba da dogon hutu, albashin maigida kuwa da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata, balle a yi zancen wurin wasa. Yaran unguwa kullum suna bakin kogi, nawa sun ishe ni da naci. Babansu ya ce a ƙyale su, ai wanka ba a biya, shi ma a rafi ya girma. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina zan kai su ba tare da na ci bashi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Wuraren suna nan. Ki kai su Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan Sardauna ne, an mai da shi cibiyar adana tarihi da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, inda za su ga kayan Nok da idonsu maimakon hoton littafin makaranta. A wurin shaƙatawa na Gamji akwai tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Dandalin Murtala kuma, Asabar da safe, fili ne na guje-guje. Ki tambayi kuɗin ƙofa kafin ku tashi, ki dafa dafa-duka ki zuba zoɓo a gora, don sayen ciye-ciye a can shi ke cinye aljihu.

Kogi kuwa, a'a. Ki gaya wa maigida ni na ce.

Dogon hutu yana faɗowa ne a Agusta da Satumba, daidai lokacin da kogin Kaduna yake cika ya batse. Ko ba a yi ruwa a cikin gari ba, wanda aka yi a can sama zai iso, wurin da jiya ruwa yake iya gwiwa yau ya shanye mutum. Ga ramukan masu ɗiban yashi da ba a gani daga sama. Yaron da ruwa yake ci ba ya ihu, bakinsa na neman numfashi ne, abokansa suna gefe suna zaton wasa yake. In abin ya faru sai a ce 'yan ruwa ne suka ja shi, a rufe maganar, gobe wasu yaran su koma.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne tsargiya, don kullum sai na gamu da ita. Uba ya kawo yaro yana fitsarin jini wata da watanni, in tambaye shi me ya hana ku zuwa, ya yi murmushi ya ce ai balaga ce, shi ma ya yi. Wace irin balaga? Namiji ba ya haila. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta huda fata ta shiga, ba sai yaro ya sha ko kurɓi ɗaya ba. Tsutsar ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai, ƙwan ne ke yaga bangon mafitsarar, shi ya sa jinin ke zuwa a ƙarshen fitsari. Yaro ya ɗashe, ya rame, a aji sai gyangyaɗi, malam yana duka wai lalaci ne. In ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari, ta taɓa ƙoda, har ta kai ga kansar mafitsara. 'Ya mace ma ba ta tsira ba, takan lalata mata gaba har abin ya shafi haihuwa.

Sai kuma a garzaya kemis, yaron shago ya ƙulla jan kafso da fari a leda ya ce sanyi ne. Ko a tare mai lasifika a tasha a sayo jarkar jiƙo mai maganin cuta arba'in. Babu ɗaya da ke kashe tsutsar nan. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, bayan ya ci abinci. Shi ne fa wanda ake rabawa kyauta a makarantu, iyaye suna hana 'ya'yansu sha wai na hana haihuwa ne, alhali cutar da maganin yake warkarwa ita ce mai yin wannan ɓarnar. Kuma maganin ba rigakafi ba ne: yaro ya sha yau, ya koma ruwa jibi, an koma gidan jiya.

Ina kyautata zaton babban naki ya riga ya fara bin abokai a ɓoye, 'yan shekara 12 ba sa jiran izini. Ki duba wandonsa wajen wanki. In kin ga ɗigon jini, ko yana yamutsa fuska in zai yi fitsari, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a gwada fitsarin, ki haɗa da ƙannen. Maigida ma da ya girma a rafi, ya biyo ku a gwada nasa.