Muryar amsa: ta ina ake fara bincike a kan kuɗi da shugabancin kamfanoni?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Malam, na saurari tambayarka. Ka gama digiri na biyu a fannin akanta, kana son digirin digirgir, kana son zama malamin jami'a mai bincike kan kuɗin kamfanoni da yadda ake shugabantarsu, ka ce ta ina za ka fara. To ƙanena, ba ni aron kunnenka.

Matakan aikin dai sanannu ne. Mai digiri na biyu mataimakin lakcara ake ɗaukarsa, kuma da wuya ka kai babban lakcara babu digirin digirgir. Tsakanin mataki da mataki yawanci shekara uku ne, takardun da ka wallafa su ake ƙirgawa. Idan jami'ar gwamnati ta ɗauke ka, nemi tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar da za ka ɗora kundinka a kai.

Ka ga, tushen fannin nan takardar Jensen da Meckling ce ta 1976: mai dukiya daban, mai juya ta daban, yaya za a hana mai juyawa cin amana? A Amurka da Ingila hannun jari a warwatse yake, rigimar tsakanin manaja da masu hannun jari take. A nan kuwa kamfanoni da dama suna hannun iyali ɗaya ko uwar kamfani ta waje. Wanda ke cikin haɗari shi ne ƙaramin mai hannun jari, wanda babban zai iya dannewa ta hanyar ciniki da wasu kamfanoninsa. Wannan ita ce tambayarmu, kuma akwai fili a cikinta.

Amma me ɗalibai ke yi? A ɗauki yawan daraktoci, ko girman kwamitin binciken kuɗi, ko haɗa kujerar shugaban hukumar daraktoci da ta shugaban zartarwa, a auna shi da riba a kan kadara, shekara goma, a ce an gama. Don Allah kada ka bi wannan hanya, ga dalili. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shugaban hukumar daraktoci na kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari ya zama kuma shugaban zartarwa. Ta kuma ƙayyade kwamitin binciken kuɗi mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba na zartarwa ba. Kafin nan iyakarsa shida. Abin da kowa ya yi iri ɗaya ba ya bayyana bambancin riba. Idan ka sa shi a lissafin da ke kwatanta kowane kamfani da kansa shekara bayan shekara, Stata, manhajar lissafin alƙaluma, ma jefar da shi za ta yi. Sannan wa ya jawo wa? Sau da yawa sai kamfani ya faɗi ake shigo da sababbin daraktoci masu zaman kansu. Kai kuma ka gan su tare da asara, ka rubuta cewa su suka kawo ta. A nan mai jarrabawa daga waje ke kama mutum.

Mafita ita ce ka nemi ranar da doka ko siyasar kuɗi ta sauya, ta taɓa wasu ta bar wasu, ka kwatanta su kafin da bayan. Muna da su. Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta, masu bashin dala suka tafka asarar canji, waɗanda ba su da shi suka tsira. Maris 2024 aka ce banki mai lasisin ƙasa da ƙasa ya kai jarinsa naira biliyan 500. Kowanne kundi ne guda.

Sai alƙaluma. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta NGX wajen 150 ne, kuma bayanan daraktoci da hannu ake tsamo su. Ka buɗe rahoton shekara, ka je shafin masu hannun jari kashi biyar cikin ɗari zuwa sama, ka je bayanin ciniki da makusanta, wato masu alaƙa da kamfanin, can ƙarshe, ka shigar a Excel, ka rubuta lambar shafi gefen kowane adadi. Ka fara daga 2012, shekarar da kamfanonin suka koma ƙa'idar rahoton kuɗi ta duniya, IFRS, don alƙaluman baya ba ma'auni ɗaya ba ne. Kada ka gwama bankuna da masana'antu, ajiyar jama'a ce bashin banki. Kamfanonin da aka cire daga kasuwa ka bar su a ciki har shekarar fitarsu, in ba haka ba lafiyayyu kaɗai ka auna. Ka duba kuma ko wani rahoton da dubbai aka rubuta shi, wani da miliyoyi; sifili uku kan lalata sakamako gaba ɗaya.

Batun wallafawa, mujallar da ta ce turo kuɗi ta buga maka cikin mako biyu, guje ta, tana zubar da sunan mutum. Duba da kanka ko tana cikin Scopus, rumbun mujallun bincike da aka tantance. Ta ƙwarai takan kai wata shida zuwa shekara, ta dawo da gyara.

Kafin ka nemi gurbi, ɗauki kamfanoni ashirin, shekara biyar, ka cike teburinsu. Shi za ka riƙe ka je gaban malamin da kake so ya duba aikinka. Wassalam.