Tambaya da Amsa: Ledar jirgina ta yamutse, fiffike ya karkace

TAMBAYA: Salam Malam, na haɗa ƙaramin jirgi mai rimot da katakon balsa (wani katako mara nauyi), na sayi ledar Oracover da ake mannawa da dutsen guga, amma da na ɗora sai ta yamutse ta yi ƙuraje, fiffike ɗaya ma ya karkace. Ledar ce jabu ko ni ne? Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ina zargin hannunka ne ba ledar ba, ka ƙure wuta tun farko kamar mai gugar shadda. Ita ledar nan zafi biyu take so, gam ɗin da ke bayanta yana kamawa a wajen digiri 90 zuwa 100 na ma'aunin Celsius, ita kuma ba ta fara tsukewa sai wajen 150, to in ka fara da babban zafi sai ta tsuke tun ba ta kama katako ba, shi ne yamutsewar da ka gani.

Ka goge katakon da samfefa mai laushi, ka share ƙurar tas, ko ɗan ɓurɓushi ya rage sai ya fito kamar ƙurji. Ka yanka ledar da rara ta kowane gefe, kar ka manta da ɓare takardar bayanta (wallahi akwai masu mantawa, su yi ta guga abu ya ƙi kamawa), ka manna salatif biyu gaba da baya a kusurwa ka ja, za ta rabu. Ka sa wa dutsen gugar safa ta auduga don kar ya karce.

Ƙasan fiffike ake fara rufewa sannan sama, kana ja kana ɗan taɓa kusurwoyi da tsakiya, sai ka bi gefuna ka manne su duka, ta sama ta hau kan ta ƙasa da kamar milimita 5. Sai ka gama duka ɓangarorin biyu kafin ka ƙara wuta, ka tsuke sama kaɗan, ka juya ka tsuke ƙasa kaɗan, haka haka. Tsuke gefe ɗaya gaba ɗaya shi ya ja maka fiffiken.

Kuma ba sai ka yaye ledar ba, ka samu wani ya riƙe fiffiken ya murɗa shi zuwa ɗaya ɓangaren, kai kuma ka bi da zafi har tamojin ya ɓace, ya ci gaba da riƙewa sai ya huce. Ƙurajen kuwa iska ce, tsaga da allura ka danne.

Dutsen gawayi dai a haƙura da shi, ba ka da iko da zafinsa. In kuma wani sashe na jirgin soso ne kar ka kai masa 150, narkewa zai yi, ka gwada a ɗan guntu tukuna.